Tukunya da Takarda: Yadda Dokar Biza Ta Gina Gidajen Abincin Baƙi a Ingila



Duk garin da ka shiga a Ingila, komai ƙanƙantarsa, za ka tarar da gidan abincin Indiyawa, da na 'yan Sin, da shagon kebab. Amma inda za ka zauna ka ci tuwo da miyan kuka, ko masa da miyan taushe, sai an tona. In aka tashi wannan hira a gidan suna, amsar ɗaya ce: wai mu Hausawa ba mu da haɗin kai, ko wai Bature ba zai iya cin abincinmu ba. Ni kam ban gamsu ba. A ganina babban dalili yana cikin dokar shige da fice, wato wa ya iso lokacin da ƙofa take buɗe, wa kuma ya iso bayan an rufe.

Mu koma baya. A 1810 wani mutumin Patna ta Indiya, Sake Dean Mahomed, ya buɗe Hindoostane Coffee House a Landan, wanda ake lissafawa a matsayin gidan abincin Indiya na farko a ƙasar nan. Ba wanda ya tambaye shi biza. Abin da ya kayar da shi bashi ne, don a 1812 ya karye. A 1948 kuma aka yi dokar zama ɗan ƙasa wadda ta tabbatar wa mutanen ƙasashe renon Ingila damar shigowa, su zauna, su yi aiki ko sana'a. Ɗan Kano ko ɗan zangon Kumasi da ya samu kuɗin jirgi a 1955 yana iya sauka Libaful ya kafa tukubarsa. Sai dai kakanninmu ba nan suka nufa ba. Hanyarsu ta yi gabas, zuwa Sudan da Makka, ko kudu wajen fataucin goro. Waɗanda suka cika jiragen ruwan Ingila su ne mutanen Silhet, a Bangaladash ta yau, masu aikin zuba gawayi da girki. Wasunsu suka sauka a gabashin Landan, suka sayi ƙananan shaguna bayan yaƙin duniya na biyu, suka fara sayar da shinkafa da miya.

A 1962 aka fara ja da ƙofa. Sabuwar doka ta ce ɗan ƙasashe renon Ingila ba zai shigo neman aiki ba sai da takardar izini, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a ce akwai mai gida da ya riga ya yi maka alkawarin aiki. To ka ga abin mamaki: dokar da aka yi don rage baƙi ita ta mayar da gidan abinci ƙofar shigowa. Mai gidan abinci ya zama shi ke da mabuɗi. Ya kira ƙaninsa, ƙanin ya yi shekaru yana wanke kwanuka, ya tara kuɗi, ya buɗe nasa a wani gari, shi ma ya kira ɗan baffansa. Haka manoman ƙauyukan Hon Kon suka yi bayan noman shinkafa ya daina riƙe su, haka 'yan Silhet suka yi. Shi ya sa har yau yawancin gidajen da ake kira na Indiyawa a hannun 'yan asalin Bangaladash suke.

Daga nan ƙofar ta ci gaba da tsukewa. Dokar 1971, da ta fara aiki a 1973, ta kusan daidaita ɗan ƙasashe renon Ingila da kowane baƙo, sai fa wanda yake da uba ko kaka haifaffen ƙasar. Tsakanin 1986 da 1987 aka ɗora wa 'yan Gana da Najeriya dokar sai da biza kafin su taso. To yawancin iyayenmu a wannan zamani ne ko bayansa suka zo: ɗalibai, likitoci, ma'aikatan jinya, ma'aikatan rediyo, 'yan ofishin jakadanci. Takardar kowannensu a ɗaure take da makaranta ko wurin aiki. Umma za ta yi waina ta ɗari biyu ranar Sallah, kowa ya lashe hannu, amma bizar da ta zo da ita ba lallai ta ba ta damar buɗe shago ba, jarin ma babu.

Dubi Turkawa don ka gane ƙarfin takarda. Saboda yarjejeniyar Ankara ta 1963 tsakanin Turkiyya da Turai, Baturke yana iya neman izinin kafa ƙaramar sana'a a nan bisa sharuɗɗan 1973, ba tare da an yanka masa wani makeken jari ba. Wannan hanya ta zauna buɗe har ƙarshen 2020, lokacin da Birtaniya ta kammala fita daga Tarayyar Turai. Ɗan Najeriya kuwa, a ƙarƙashin tsarin maki na 2008, sai ya nuna fam 200,000 kuma ya samar wa mutum biyu aiki. Fam dubu ɗari biyu a kan tukubar tsire! An rufe wannan biza a 2019. Wadda ake da ita tun 2023 ba ta yanka adadin jari ba, amma sai wata hukuma da gwamnati ta amince da ita ta shaida cewa sana'ar sabuwar ƙirƙira ce kuma za ta iya bunƙasa sosai. Gidan tuwo, komai daɗin miyarsa, da wuya ya tsallake wannan.

Tsohuwar dabarar ɗauko kuku daga gida ita ma ta toshe. A 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashin bizar ƙwararru zuwa fam 38,700, a Yulin 2025 kuma aka mayar da ma'aunin ƙwarewa matakin digiri, abin da ya fitar da sababbin masu girki. Tarar ɗaukar wanda ba shi da izinin aiki ta tashi daga fam 10,000 a 2008 zuwa fam 45,000 a kan kowane mutum a 2024, in an maimaita 60,000.

Ga inda abin ya shafe mu kai tsaye. Ɗalibin da ya zo digiri daga Kano ko Yamai yana iya yin aikin albashi na awa 20 a mako lokacin karatu, amma an hana shi sana'ar kansa kwata-kwata. Ke nan 'yar uwarmu da ke tallar dambun nama da fanke a Instagram da bizar karatu tana wasa da zamanta ne, ko da kwano biyar take sayarwa. Sai ta gama ta samu bizar masu kammala digiri, wadda aka buɗe a 2021, sannan ta halatta mata. Ita ma shekara biyu ce, kuma an sanar za ta koma wata 18 daga 2027. Mu ma da aka haifa nan, kowa ya duba takardunsa. Tun 1 ga Janairun 1983 haihuwa a ƙasar kaɗai ba ta sa ka zama ɗan ƙasa, sai in mahaifi ko mahaifiya ɗan ƙasa ne ko mai izinin zama na dindindin, ko kuma an yi maka rajista daga baya.

In takardarka lafiya, sauran dokar ba ta da tsada. Ka yi rajista da ƙaramar hukuma kwana 28 kafin ka fara, kyauta ne, ko da a kicin ɗin gida za ka riƙa girkin. Duba-gari za su zo su ba ka maki daga 0 zuwa 5. In a bakin titi za ka tsaya, sai da lasisi. Nama kuma a nan za ka saya, don haramun ne shigo da kilishi a jaka daga Najeriya ko Nijar, kuma an ƙara tsaurara bincike bayan annobar ciwon baki da kofato ta 2001.

Abu ɗaya ne nake roƙo kada mu raina: gyaɗa. Tun 2014 dole mai sayar da abinci ya bayyana abubuwa 14 da jikin wasu ba ya ɗauka, kuma gyaɗa da riɗi suna ciki. Yajinmu na tsire ƙuli-ƙuli ne, labun kilishi ma gyaɗa ce. A 2016 an ɗaure wani mai gidan abinci a Yorkshire shekara shida bayan wani mutum ya mutu. Ya sauya garin almon da na gyaɗa mai araha, aka kuma sayar wa mamacin a kan cewa babu gyaɗa. Tun Oktoban 2021, duk abin da ka ƙunshe kafin a saya sai ka rubuta abin da ke ciki a jikinsa.

To jama'a, 'yan Silhet da 'yan Hon Kon sun gina nasu ne da damar da doka ta ba su a lokacinsu. Damar da ta rage yau tana aljihun irinmu masu fasfo ko izinin dindindin, waɗanda ba sai mun roƙi kowa ba kafin mu buɗe shago. Iyayenmu suna da ilimin girkin, mu muke da takardar da Turancin cike fom. In har za a ga gidan tuwo mai maki biyar a Manchesta ko Bamingam, daga cikinmu zai fito. Wanda ke da niyya ya fara da rajistar nan ta kyauta, ya zauna kusa da Umma da biro da takarda ya rubuta ma'aunin miyar kuka tun tana da ƙarfin koyarwa.

Allah ya ba mu sa'a, ya sa albarka a nema. Wassalam.