BAC: Rariyar Da Muka Gada

Duk ɗan lise a Madarunfa ya san lissafin. Ka samu 10 bisa 20, ka haye. Ka tsaya tsakanin 8 da 10, sai zagaye na biyu. Ƙasa da haka, sai baɗi in da rai. Amma wa ya taɓa tambayar inda wannan ma'auni ya fito?

Ba a Nijar anka haife shi ba. Napoleon ne ya kafa shi a Faransa a 1808, kuma a matsayin matakin farko na digirin jami'a. Shi ya sa takardar BAC ta zama mabuɗin jami'a, har shekaru da dama jami'ar Yamai da kanta ke shirya jarrabawar.

Zamanin Turawa kuwa ko maganar jami'a babu a ƙasar nan. Yaron da ya fi ƙwazo gasa zai ci, a tura shi makarantar William Ponty can Senegal, ya dawo mushe ko akawu. Ta nan su Bubu Hama da Diori Hamani sunka bi. Mutum kaɗan mulkin mallaka ke buƙata, don haka rariya mai ƙananan idanu ya kawo. Jami'ar Yamai sai farkon shekarun 1970 ta samu, ta Maraɗi sai 2010. Kujeru sun ƙaru, rariyar tana nan.

To me take tacewa? Mu da ke karatun kimiyyar harshe nan ne abin ke ci mana tuwo a ƙwarya. Lissafi, falsafa, tarihi, duk da Faransanci ake tambaya, da shi ake amsawa. Yarinyar da ta tashi a bakin tafkin Madarunfa, wadda ba ta jin Faransanci sai cikin aji, jarrabawa biyu take yi a takarda ɗaya: ta darasin, da ta harshen. Mai gyara kuwa maki ɗaya yake rubutawa, ba wanda zai gane a wace ta faɗi.

Wani zai ce a tsallaka ta Ɗan Isa zuwa Jibiya mana. Can ma akwai tasu. Najeriya ta kafa hukumar JAMB a 1978: darussa huɗu, maki 400, Ingilishi dole. Bahaushen Katsina da na Maraɗi, kaka ɗaya, kowa da harshen Baturen da ke tsare masa ƙofa.

Ban ce a soke BAC ba, wallahi. Takardar da ake gyarawa ba a ga sunan mai ita ba ta fi alfarma da "ɗan wane ne" adalci ga ɗan manomi. Sai dai tun 1973 anka fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma a Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa, ya mai da Faransanci harshen aiki. Mu dai muna jiran mu ga ranar da wannan magana za ta shiga ɗakin jarrabawa.