Kaska da lissafi: darasin 1972

A shekarar 1893, masana biyu ƴan Amurka, Theobald Smith da Fred Kilborne, suka tabbatar cewa kaska ce ke kai cutar fitsarin jini daga wata saniya zuwa wata. Sai aka ɗauka magana ta ƙare: a kashe kaska, a huta. Amurka ta kama wannan aiki a 1906, ana tsoma shanu cikin ruwan magani, ba ta gama ba sai 1943.

A Ostaraliya kuwa kaska ta ƙi ƙarewa. Shi ne a 1972 wasu masanan ƙasar, Mahoney da Ross, suka koma ga lissafi. An riga an san maraƙin da bai wuce wata 9 ba, in ya kamu, da wuya ya mutu, kuma yana samun kariya mai daɗewa. Suka auna yawan cizon kaska mai cuta da ke samun maraƙi kullum. Lissafin ya nuna in kashi 75 cikin ɗari na maruƙa sun kamu kafin wata 9, cutar ba ta cika ɓarna a garke ba.

To, kun ga matsalar? In aka rage kaska ba a ƙarar da ita ba, maruƙa na girma ba kariya. Ranar da cutar ta same su suna manya, sai mutuwa.

Ƴan uwa, cutar nan tana nan Afirka ta Yamma. Kafin a ce wa makiyayi ya yi feshi, a fara ƙirga maruƙa nawa suka riga suka kamu.