Tarihin Fasahar Hannu da Kiɗa a Kwarin Komadugu

Kwarin Komadugu shi ne yankin da kogin Komadugu Yobe ke ratsawa kafin ya zuba a Tafkin Chadi kusa da Bosso, inda ƙauyen Yebi yake, a jihar Diffa ta Jamhuriyar Nijar. A yaren Barebari, komadugu na nufin kogi. Ruwansa yana tahowa ta kogunan Hadeja da Jama'are, kuma a ƙarshen tafiyarsa shi ne iyakar Nijar da Najeriya na tsawon kilomita kusan 150. A bakinsa Mobar da Mangawa, waɗanda duk rassan Barebari ne, suke zaune tare da Buduma, Fulani, Tubawa, Larabawa da Hausawa. Saboda wannan cuɗanya, fasahar yankin ba ta ƙabila ɗaya ba ce. Kowa ya zo da tasa, ya ari ta maƙwabcinsa, ya ƙara mata gishiri.

Itace da yumɓu

Mafi tsufan aikin hannu da aka samu a wannan kwari jirgin ruwa ne. A shekarar 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya a Dufuna, kusa da kogin Komadugu Gana a jihar Yobe ta yanzu, sai ya ci karo da wani baƙin itace a zurfin mita biyar. A 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus, ƙarƙashin Abubakar Garba da Peter Breunig, suka tono shi. Tsawonsa mita 8.4 ne, kuma awo ya nuna ya kai shekara 8,000, wato babu jirgin da aka sani a Afirka da ya girme shi. Abin da ya fi ba masana mamaki shi ne kyan sassaƙarsa. Goshinsa da bayansa duk an fiƙe su da tsini, an rarake cikinsa daidai wa daida, a zamanin da babu gizagon ƙarfe sai kayan aiki na dutse. Wanda ya yi shi bai bar suna ba, amma aikin ya nuna ba ɗan koyo ba ne, gado ya tarar.

Bayan itace sai yumɓu. A Gajiganna, kudu maso yammacin tafkin, an tono tukwane masu zane da ƴan gumakan shanu na mutanen da suka zauna wurin tun wajen shekara 1800 kafin haihuwar Annabi Isa. A tudun Daima kuma, inda Graham Connah ya yi haƙa a 1965 da 1966, an sami siffofin dabbobi da na mutane na yumɓu, da kayan ado na tagulla a cikin kaburbura. Irin waɗannan tuddai ne mutanen Barno ke dangantawa da Sawo, al'ummar da labaran baka ke cewa ƙattai ne. Har yau yaron makiyayi da ya zauna bakin ruwa yana murza laka, yana fitar da tozo da ƙaho, wannan tsohon aiki yake maimaitawa.

Jan tubalin Gazargamu

Wajen shekarar 1470 Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Gazargamu a bakin Komadugu, ba nisa da Gaidam, bayan sarakunan Saifawa sun baro Kanem. Birnin ya yi fiye da shekara 300 yana hedkwatar daular Barno. A lokacin da yawancin ƙasashen yankin ke gini da ɗanyen tubali, maginan Barno sun gina fadar sarki da ƙonannen tubali ja, haka ma fadar Gambaru da ke kusa, wadda ake dangantawa da zamanin Mai Idris Alauma a ƙarshen ƙarni na 16. A ɓangaren Nijar, kufan Garumele da ke kusa da Ngigmi yana da irin wannan gini. Gazargamu ta faɗi a 1808 lokacin yaƙin jihadi, aka watse, amma ɓaraguzan jan tubalin suna nan cikin rairayi.

Alƙalami da tawada

Babu fasahar da ta ɗaga sunan Barno kamar rubutun Alƙur'ani. Salon da ake kira Barnawi yana da kauri da kusurwa, baƙaƙensa a tsaye ƙyam, kuma danginsa na nesa shi ne tsohon rubutun Magariba. A ƙarshen shekarun 1950 wani masani Bature, A. D. H. Bivar, ya ɗauki hoton wasu tsofaffin Alƙur'anai na Barno, ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da shekarar 1080 ta Hijira, wato 1669. Tsakanin layukansu akwai bayani da tsohon yaren Kanembu, wanda malaman Barno ke fassara da wani nau'insa har yau, suna kiransa Tarjumo. Dixon Denham, Baturen Ingila da ya iso Kukawa a 1823, ya rubuta cewa ana kai Alƙur'anan Barno Arewacin Afirka da Masar a sayar da tsada.

Wanda ya taɓa zama kusa da gwani yana rubutu ya san aikin ba na gaggawa ba ne. Yakan feƙe alƙalamin kara da aska, ya ɗora takarda a cinya, ya fara zuba baƙaƙe da baƙar tawada, da ka, ba tare da duba littafi ba. Sai ya dawo da ja ya yi wasali, ya sa ɗigon rawaya a kan hamza. A wuraren hizbi da sujada yakan zana da'ira mai launi a gefen shafi, kowace da irin zanenta. Ba a ɗinke takardun, a warwatse ake jera su. Daga nan aiki ya koma hannun baduku, wanda zai yi tadarishi da gafakar jar fata mai maratayi. Alƙur'ani ɗaya kan haɗa takardar Italiya mai tambarin jinjirin wata uku da ta ƙetaro Sahara, da hannun Babarbare, da fatar akuyar da Bahaushe ya jeme.

Ta wannan hanya Barno ta shiga bakin Bahaushe. Idan an ce almajiri ya tafi gabas, kowa ya san haddar Alƙur'ani ya je nema. Kalmar tsangaya ita ce sangaya ta Barebari, gwani kuma shi ne goni. Zayyanar da ake yi wa allon sauka a Kano da Damagaram ƴar wannan gida ce.

Aikin mata da ado

Kurmin goriba da ke bin gaɓar kogin shi ke ba mata kabar da suke saƙa tabarmi da faifai, suna rina zaren kabar ja da baƙi don fitar da zane. Matan Fulani na alfahari da ƙoren da aka sassaƙa wa ado, suna jera su ranar taro kamar yadda ake jeren ɗakin amarya, matan Woɗaaɓe kuma sun shahara da surfani a kan baƙin yadi. A wajen matan Barebari, kitso da lalle da haɗa turaren wuta da humra ilimi ne da uwa ke miƙa wa ƴa. Hular zanna, wadda maɗinki kan shafe makonni yana cika ta da allura, daga Barno ta fito, yau ga ta a kan kowane ango a ƙasar Hausa.

Biram

A fadojin yankin algaita da ganga ne ke raka sarki. Amma kayan kiɗan da ya keɓanta da tafkin shi ne biram na masuntan Buduma, mai tsirkiya biyar, wanda jikinsa ke da siffar kwale-kwale an rufe shi da fata. Buduma na girmama shi, ba kowa ke taɓa shi ba. Da ƙarni na 20 ya zo ƙarewa, makaɗin da ya rage da cikakken saninsa shi ne Bukar Tar. A 2002 Malam Mamman Barka, Batube haifaffen Taskar, tsohon malamin makaranta da ya yi suna da kiɗan gurumi da waƙoƙin Hausa, ya sami tallafin UNESCO ya tafi bakin tafki ya zauna gaban tsohon ya koya. Bayan rasuwar malaminsa, shi ya zagaya da biram ƙasashen Turai, ya fitar da faifai a 2009. Ya rasu a Yamai a watan Nuwamba na 2018. Batube ne ya riƙe wa Buduma gadonsu, Hausawa suka taya shi amshi.

Halin da ake ciki

Fari da rikici sun yi wa wannan gado illa. Tafkin da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a 1963 ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma a tsakiyar shekarun 1980, masunta suka bi ruwa, garuruwa suka tashi. A ranar 6 ga Fabrairu 2015 mayaƙan Boko Haram suka kai hari Bosso da Diffa. A watan Mayu na shekarar aka kwashe mutanen tsibirai, da yawansu suka sauka a Yebi. Shekara ɗaya bayan haka aka kai wa Yebi hari ita ma, jama'a suka sake gudu suka kafa bukkoki a gefen babbar hanya. Mai gudun ceton rai ba ya ɗaukar jeren ƙore, kuma tsohon da ya rasu a sansani da iliminsa ake rufe shi.

Duk da haka sana'a ba ta mutu ba. A garin Diffa ana ɗinka hula, ana saƙa tabarma, almajirai na wanke allo su sake rubutu kowace safiya. Abin da ya rage shi ne hukumomi da sarakuna da masu hali su nemi tsofaffin gwanaye tun suna raye, a ɗauki muryoyinsu, a killace littattafansu, a haɗa su da yaran da za su gaje su. Jirgin Dufuna ya jira shekara 8,000 a cikin ƙasa aka same shi, amma abin da ke kan ɗan Adam ba ya jira.