Tallafin kuɗi ga jam'iyyu da ƙungiyoyin farar hula a Kamaru: abin da doka ta tanada

A Yagoua, babban birnin Mayo-Danay a yankin Arewa Mai Nisa, duk ƙungiyar da ke son wayar da kan jama'a kan rajistar zaɓe ko neman gyaran dokokin zaɓe sai ta fara sanin inda doka ta yarda ta samo kuɗi.

Dokar jam'iyyu ta 19 ga Disamba 1990, wadda ta buɗe ƙofar siyasar jam'iyyu da yawa, ta hana jam'iyya karɓar kuɗi daga ƙasashen waje. Gwamnati ce ke tallafa musu, bisa dokar shekarar 2000 da aka shigar cikin kundin zaɓe na 2012. Kuɗin yaƙin neman zaɓe kashi biyu ne: ɗaya kafin zaɓe, ɗaya bayan sakamako gwargwadon abin da kowa ya samu. Saboda haka jam'iyyar da ta fi kujeru ita ke kwashe kaso mafi tsoka.

Ƙungiyoyin farar hula kuwa suna neman taimako daga Tarayyar Turai ko asusun dimokuraɗiyya na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka kafa a 2005. Sai dai rajista kaɗai ba ta ba ƙungiya damar karɓar gudummawa; sai ta samu matsayin ONG ƙarƙashin dokar 1999, ko a amince tana aikin amfanin jama'a.

A Disamba 2024, ministan harkokin cikin gida Paul Atanga Nji ya dakatar da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta REDHAC na wata 3, yana zarginta da karɓar kuɗin da ba su halatta ba.