BABI NA UKU: ALICE HANSON JONES DA AUNA DUKIYAR AMURKA TA FARKO

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin diddigin rayuwar ilimi ta Alice Hanson Jones, ɗaya daga cikin masanan tarihin tattalin arzikin Amurka na zamanin da ƙasar take ƙarƙashin mulkin Ingila. Za a duba karatunta, da dabarar da ta bi wajen bincike, da abin da ta gano. Manufar ita ce a nuna cewa ba za a fahimci arzikin Amurka na wancan lokaci ba sai an tantance wanda aka ƙirga a matsayin mutum da wanda aka ƙirga a matsayin dukiya.

3.1 Karatunta da Aikinta

An haifi Jones a birnin Siyatil a shekarar 1904. Ta yi digirinta na farko da na biyu a Jami'ar Washinton da ke wannan birni, sannan ta wuce Jami'ar Shikago domin digiri na uku a fannin tattalin arziki. Sai dai ba ta kammala a wancan lokaci ba. Ta kama aikin gwamnatin tarayya, inda ta yi shekaru a ofishin ƙididdigar ƙwadago tana nazarin tsadar rayuwa da yadda magidanta suke kashe kuɗinsu.

A shekarar 1958 mijinta, Homer Jones, ya zama shugaban sashen bincike na reshen babban bankin Amurka da ke Sant Luwis. A wannan gari ne ta shiga koyarwa a wata jami'ar, wadda ita ma sunanta Jami'ar Washinton. Daga nan ta koma ga karatun da ta ajiye, ta kammala digirinta na uku a Shikago a shekarar 1968, tana da shekara fiye da sittin. Wanda ya duba aikin shi ne Robert Fogel, masanin da ya sami kyautar Nobel a 1993.

3.2 Dabarar Bincikenta

Matsalar da ta daɗe tana ci wa masana tuwo a ƙwarya ita ce, kafin samun 'yancin kai a 1776 babu wata hukuma da take tattara alƙaluman arzikin jama'a. Jones ta lura cewa idan mai dukiya ya rasu, kotu takan naɗa mutane su rubuta tarikarsa ɗaya bayan ɗaya tare da kimarta: dabbobi, kayan noma, tufafi, tukwane da basussuka. Saboda haka ta zaɓi gundumomi 21 bisa ƙa'idar ƙididdiga, ta tattara takardun gado 919 na wajajen shekarar 1774.

Wannan hanya tana da nata cikas. Na farko, galibin mamata tsofaffi ne, kuma sun fi matasa tara abin duniya. Na biyu, ba kowane talaka ake rubuta tarikarsa ba. Na uku, kowane yanki yana da kuɗinsa. Don haka ta daidaita alƙaluman gwargwadon shekarun rayayyu, ta ƙiyasta dukiyar waɗanda ba a rubuta ba, sannan ta mayar da kuɗaɗen duka zuwa fam na Ingila. A nan ne ƙwarewar da ta samu a aikin gwamnati ta yi mata rana.

3.3 Abin da Ta Gano

Ta fitar da takardun da bayanin dabarunta cikin juzu'i uku a 1977, sannan littafinta Wealth of a Nation to Be ya fito a 1980. Binciken ya nuna cewa 'yantattun mazauna ƙasar suna cikin masu wadata na duniyar wancan zamani. Amma rabon bai zo daidai ba, domin kashi goma cikin ɗari na masu dukiya su ne suke riƙe da fiye da rabinta.

Abu mafi muhimmanci shi ne bambancin yankuna. Matsakaicin ɗa a Kudu, wato Merilan da Bajiniya da Karolina, ya ninka na Sabuwar Ingila da ke arewa dukiya fiye da sau biyu. Dalili kuwa shi ne bayi 'yan asalin Afirka, waɗanda ake jera sunayensu da farashinsu a takarda ɗaya da dawaki da shanu. Idan aka cire su daga lissafin dukiya, aka saka su cikin lissafin mutane, sai a ga arzikin Kudu ya sauko kusa da na arewa. Ke nan fifikon Kudu ya dogara ne a kan mallakar mutane.

3.4 Naɗewa

A ra'ayin wannan nazari, raunin aikin shi ne hoton lokaci guda ya ɗauka, don haka bai nuna hawa da saukar arziki ba. Haka kuma matan aure ba su fito sosai ba, saboda dokar lokacin ta danƙa yawancin dukiyarsu ga mazajensu. Duk da haka, Ƙungiyar Tarihin Tattalin Arziki ta Amurka ta zaɓe ta shugaba a farkon shekarun 1980, kuma bayan rasuwarta a 1985 aka sanya sunanta ga wata kyautar littafi. Har a 2016, Peter Lindert da Jeffrey Williamson sun dogara da alƙalumanta a littafinsu Unequal Gains. A babi na gaba za a duba cinikin taba da shinkafa, waɗanda waɗannan bayi suka noma.