Haske da Inuwa a Tarihin Hoton Gine-ginen Kazaure da Kewayenta

Yankin arewa maso yammacin Jihar Jigawa, wanda ya ƙunshi Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, yana cikin wuraren da tarihinsu ya fi zama a bakin dattawa da jikin gine-gine fiye da yadda ya zauna a takarda, kuma da yake tsofaffin gine-ginen yankin na ƙasa ne, kamanninsu kan sauya daga wannan damina zuwa waccan. Wannan ne ya sa hoto ya zama shaida mai daraja ga mai nazarin tarihin waɗannan garuruwa. Sai dai shaidar tana da sharaɗi, domin abin da hoton ginin ƙasa yake nunawa ya dogara ne ga sa'ar da aka ɗauke shi da kuma lokacin shekara, har ta kai bango ɗaya yana iya fitowa cike da ado da hantsi, sannan ya fito fayau babu komai a jikinsa da rana tsaka.

Masarautar Kazaure ta kafu ne a wajajen 1819 a hannun Ibrahim Ɗantunku, wanda ya taso daga Dambatta ya yi shekaru yana fafatawa da Sarkin Kano Ibrahim Dabo, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya tabbatar masa da ƙasarsa a tsakanin Kano da Katsina da Daura. Ɗansa Dambo, wanda ya yi sarauta daga 1824 zuwa 1857, shi ne ya ƙarfafa garin ya faɗaɗa masarautar, a zamanin da hare-haren Damagaram suka sa ganuwa da tudu suka zama abin dogaron kowane gari na wannan gefe. Roni da Gwiwa suna cikin wannan masarauta har yau, ita kuwa Babura, wadda take dab da iyakar Nijar, ta daɗe a ƙarƙashin Kano kafin ta koma masarautar Ringim bayan ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991. Yanayin ƙasar ma ya bambanta, domin Kazaure da Roni garuruwa ne na duwatsu da kwari, alhali Babura shimfiɗaɗɗen fili ce mai rairayi, kuma wannan bambanci yana shafar yadda haske yake sauka a kowannensu.

Kafin a fahimci dalilin da ya sa sa'a take da wannan tasiri, wajibi ne a san yadda maginan Hausa suke aikinsu. Bango ana ɗora shi ne da tubali, wato dunƙulen ƙasa mai faɗin gindi da tsinin kai wanda ake busarwa a rana, sannan a yaɓe shi, a rufe ɗaki da azara, wadda ake tsagawa daga itacen giginya saboda gara ba ta cika cin ta ba. A saman soro ana ɗora zankwaye, ƙahonin da ke tsaye a kusurwoyi, a kuma fitar da indararo domin ruwan sama ya zuba nesa da gindin bango. Don kare ginin daga ruwa ana shafa makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ko kuma laso, wanda ake haɗawa da katsi daga marina. Adon fuskar zaure kuwa, irin su dagi da sauran zane-zane masu sarƙaƙiya, magini yana tayar da shi ne da hannu a kan ɗanyen yaɓe, tudunsa sau da yawa bai wuce kaurin yatsu biyu ko uku ba. Tun da launin zanen da na bangon ɗaya ne a inda ba a shafa fenti ba, ido ba ya rarrabe su sai ta hanyar siririyar inuwar da kowane tudu yake jefawa a gefensa. Idan babu wannan inuwa, aikin gwanin magini ya ɓace daga hoton ko da yana nan daram a jikin bango.

Kazaure tana tsakanin digiri 12 da 13 arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka rana tana hawa sama da sauri, tana kuma faɗuwa da sauri, tazarar da ke tsakanin almuru da duhu gajeriya ce ƙwarai. Daga fitowar rana zuwa hantsi haske yana zuwa ne a kwance daga gabas, yana shafar bango a karkace, yana fito da sawun yatsun mai yaɓe da tsagar da ruwa ya yi. Da walaha inuwa takan fara janyewa, zuwa azahar kuma hasken ya sauko daga bisa ya daki rufi da ƙasa, fuskar gini ta dushe, ƙofar zaure ta zama baƙin rami. Bayan la'asar al'amarin yakan juyo, bangon yamma ya samu rabonsa, jar ƙasa ta ƙara ja har zuwa la'asar sakaliya. Sau biyu a shekara, a ƙarshen Afrilu da kuma wajajen tsakiyar Agusta, rana takan tsaya daidai kan mutum da tsakar rana, inuwar bango ta kusan ƙarewa. A watan Disamba kuwa takan karkata kudu, tsayinta da tsakar rana yakan sauko zuwa kimanin digiri 54, don haka bangon kudu yana wuni cikin haske, na arewa kuma yana wuni cikin inuwa. Bangon gabas yana da tasa ƙaddarar, domin hadarin damina a wannan ƙasa daga gabas yake tasowa, shi ne yake shan dukan ruwa, shi ne kuma hasken safiya yake tona wa asiri. A masallatai wannan bango shi ne na alƙibla, saboda haka hoton safiya ne yake nuna irin kulawar da jama'a suke ba masallacinsu.

Lokutan shekara ma suna da nasu hukunci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana ɗauko ƙura daga hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, hazo ya rufe sararin sama, rana ta zama farin faifai, inuwa ta yi laushi, duwatsun Roni da na Kazaure su koma kamar zanen toka a nesa. Da bazara hasken yana da kaifi da zafi, da damina kuma ruwa yakan wanke iska, a hangi tudu sarai, ciyawa ta rufe gindin duwatsu, madatsar ruwan Kazaure ta cika ta ɗauki launin gajimare. Itatuwa sukan taimaka wa mai karanta tsohon hoto ya gane lokacin da aka ɗauke shi. Kuka tana zubar da ganye da rani ta tsaya tsirara, gawo kuwa saɓanin sauran itatuwa yake yi, yana yin ganye da rani ya kaɗe da damina, don haka hoton gona da ya nuna gawo kore shar da kuka babu ganye hoton rani ne ba shakka. Darbejiya kuma baƙuwa ce daga ƙasar Indiya wadda aka yaɗa a Arewa a zamanin Turawa, saboda haka duk titin da ta yi wa inuwa a hoto ya shigo ƙarni na 20.

An bayyana fasahar ɗaukar hoto ga duniya a Faransa a 1839, lokacin Dambo yana kan gadon Kazaure, amma ta daɗe ba ta iso ƙasar Hausa ba. Bature ɗan Jamus Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, da alƙalami ya zana abin da ya gani, daga baya aka mayar da zanensa hotunan littafi a Turai. Na'urar hoto ta yawaita ne tare da sojoji da jami'an Ingila bayan cin Kano a 1903, a zamanin Sarkin Kazaure Muhammadu Mayaki, kuma irin hotunan wancan lokaci suna cikin abin da ake nunawa a Gidan Makama a Kano. A tafiyarsa ta 1930 zuwa 1931 matuƙin jirgi ɗan Suwizalan Walter Mittelholzer ya ɗauki Kano daga sama, sannan daga ƙarshen shekarun 1950 masanin gine-gine ɗan Folan Zbigniew Dmochowski ya duƙufa ga aunawa da ɗaukar hoton gine-ginen gargajiya na Nijeriya, aikin da aka buga a mujalladi uku a 1990, bayan rasuwarsa. Waɗannan ayyuka sun fi karkata ga manyan birane kamar Kano da Zariya da Katsina. Ƙananan garuruwan da ke kan hanyar Kano zuwa Daura, ko ta Dambatta zuwa Babura, wuraren ratse ne ga matafiyi, wanda yakan baro Kano da safe ya iso su rana ta riga ta take, ya ɗauki abin da ya samu ya wuce. Baƙo ba shi da sukunin jiran haske, kuma wannan gaggawa ta rage wa ƙananan garuruwa kwarjini a idon waɗanda suka san su ta hoto kaɗai.

Shigar sana'ar hannun 'yan ƙasa ta zo ne ta ƙofar buƙata. Duk da ƙyamar da wasu malamai suka nuna ga surar mai rai, takardun makaranta da na aikin gwamnati da fasfon aikin hajji sun wajabta hoton fuska, sai masu akwatin hoto mai ƙafafu uku suka fara zama a kasuwanni da bakin ofisoshin En'e, suna lulluɓe kai da baƙin ƙyalle, suna wanke hoton a cikin akwatin nan take. Da yake ba su da fitila, hasken rana ne jarinsu, sun kuma san cewa fuska ta fi kyau a inuwar bango da hantsi fiye da a tsakiyar fili. Bayansu aka samu masu ɗaukar hoto da fim, waɗanda suke bin bukukuwan aure da suna da hawan salla da naɗin sarauta, da hoto mai launi ya yaɗu kuma sai su riƙa kai fim Kano a wanke. Burinsu mutane ne, amma a bayan ango da abokansa, ko a bayan dawakin hakimi, akwai zaure da zankwaye da kukar ƙofar gari. Da yawa daga cikin sorayen da aka rushe a yankin babu inda siffarsu ta saura sai a gefen irin waɗannan hotuna, waɗanda ke jingine a bangon ɗaki ko ajiye a ƙasan adaka.

Wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001, kuma cikin shekarun da suka biyo baya wayoyi masu kyamara suka kai kusan kowane gida, har ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure da samarin Gwiwa da na Babura suka zama masu ɗaukar hoton garuruwansu. Ta haka na'urar ta zauna a hannun duk wanda yake kwana a garin, wanda zai iya komawa gaban zaure ɗaya da hantsi da la'asar, da hunturu da damina. Wayar tana kuma rubuta rana da sa'a a jikin kowane hoto, abin da tsofaffin hotuna suka rasa. Amma tana da nata aibi, domin takan gyara haske da kanta, ta cike inuwa, ta ƙara wa launi ƙarfi, ta haka sai ta shafe ainihin abin da ke bayyana zanen magini. Ga kuma saurin ɓacewa, tun da hotunan shekaru sukan tafi tare da wayar da ta lalace ko aka sace.

Wannan dama ta zo ne a daidai lokacin da ginin ƙasa yake ja da baya. Bulo da siminti da kwano sun maye gurbin tubali da azara, giginya ta yi ƙaranci, yaɓen shekara-shekara ya zama nauyi ga magidanta, layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, wanda ya ratsa ta Kazaure, zai ƙara wa filaye daraja ya kuma hanzarta rushe tsoho don gina sabo. Ba za a zargi mai gida don ya nemi rufin da ba ya yoyo ba, amma hakkin 'yan baya ne su ga abin da kakanninsu suka gina. Aikin da ke gaban masarautu da makarantu da matasan yankin bai fi ƙarfinsu ba: a nemi izinin masu gida, a ɗauki kowane tsohon zaure da masallaci da guntun ganuwa ta fuskoki huɗu a sa'ar da ta dace da kowace fuska, a rubuta sunan unguwa da na maginin idan dattawa sun riƙe shi, a kuma kwafi tsofaffin hotunan biki a mayar wa masu su. Idan aka adana kwafi a fada da ɗakin karatu da kuma Gidan Arewa da ke Kaduna, mai bincike na gaba zai samu shaidar da zai iya aunawa ya kwatanta, kuma magini mai son farfaɗo da sana'ar zai samu zanen da zai koya daga gare shi.