Miyagu a shirye-shiryen tokusatsu

Miyagu a shirye-shiryen tokusatsu su ne abokan gabar jarumai a fina-finai da wasannin talabijin na ƙasar Japan waɗanda ake haɗawa da dabarun kyamara, da ƙananan gidaje na wasa da ake rushewa, da 'yan wasa masu shiga cikin rigar dodo. Kalmar tokusatsu a harshen Japananci tana nufin ɗaukar hoto na musamman. Manyan gidaje uku ne suka riƙe wannan fanni a talabijin: Ultraman na kamfanin Tsuburaya wanda ya fara a 1966, da Kamen Rider na 1971, da Super Sentai na 1975, biyun ƙarshe na kamfanin Toei. Duk da cewa yara aka yi wa shirye-shiryen, da yawa daga cikin miyagunsu suna nuna halayen da masana halayyar ɗan Adam ke dangantawa da sosiyofat, wato mutum mai ƙeƙasasshiyar zuciya wanda haƙƙin kowa bai dame shi ba.

Ma'anar sosiyofat

Masanin halayya ɗan Amurka George Partridge ne ya yayata kalmar a 1930. A yau likitoci ba sa rubuta ta a takardar majinyaci. Kundin ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, bugu na 5 da ya fito a 2013, ya sa ta ƙarƙashin lalurar ɗabi'ar ƙin mutunta al'umma, kuma ya kawo alamomi 7: yawan karya doka, yaudara, aikata abu ba tunani, saurin fushi da faɗa, ganganci da rai, rashin riƙe alkawari ko nauyi, da rashin nadama. Sai an samu aƙalla 3 daga ciki tun mutum yana shekara 15, kuma ya kai shekara 18, kafin a ce yana da lalurar. Kafin wannan, likita Hervey Cleckley ya wallafa littafi a 1941 mai suna The Mask of Sanity, inda ya siffanta mutumin da ke da fara'a da zaƙin baki da natsuwa a waje, amma ciki babu tausayi ko kaɗan. Bahaushe yana da gajeriyar hanyar faɗin wannan: Musa a baki, Fir'auna a zuci.

Dodo da mai dodo

A Japananci ana kiran katon dodo kaiju, mugun da bai wuce girman mutum ba kuma kaijin. Kaiju na farko da ya shahara shi ne Godzilla, a fim ɗin kamfanin Toho na 1954 wanda Ishiro Honda ya ba da umarni, Eiji Tsuburaya ya haɗa dabarun hoto. Gwajin bam ɗin nukiliya ne ya tayar da Godzilla daga ƙarƙashin teku, kuma fim ɗin ya fito ne 'yan watanni bayan da tokar gwajin Amurka a tsibirin Bikini ta zuba kan wani jirgin masunta na Japan. Godzilla yana rushe Tokyo, amma ba ya ƙarya, ba ya ƙulla makirci, bai san mutanen da yake takewa ba. Ɓarnarsa irin ta ambaliya ce. Saboda haka ba a lissafa shi cikin masu wannan hali, domin ba a neman nadama a wurin abin da bai san laifi ba.

Wasu dodannin ma su aka zalunta. A kashi na 23 na Ultraman, dodo Jamila ɗan sama jannati ne da ƙasarsa ta yi watsi da shi a wata duniya don ta rufe asirin gazawarta, ya rikiɗe, ya dawo ɗaukar fansa. A wannan labari rashin imanin yana wajen hukumar da ta ba da umarnin a kashe shi ba tare da an bayyana cewa mutum ne ba. Masu halin sosiyofat na ainihi suna cikin rukuni na biyu: baƙin halittu masu magana, da shugabannin ƙungiyoyin asiri, da masana kimiyya, waɗanda ke turo dodon su koma gefe suna kallo. Su ne waɗanda mai kallon fim a ƙasar Hausa zai kira bos.

Baƙin halittu na Ultraman

Zarab, a kashi na 18, ya zo da sunan ɗan'uwa mai taimako, ya kawar da wani hazo mai guba da shi kansa ya jawo, sannan ya ɗauki siffar Ultraman ya rushe gari don a tsani jarumin. Wanda ya fi shi tasiri shi ne Mefilas na kashi na 33. Mefilas yana da ƙarfin da zai iya gwada ƙwace duniya, amma ya ce shi ba ya son tashin hankali. Sai ya sace wani yaro mai suna Satoru, ya lallashe shi da alkawarin mulki da tsawon rai, abin da kawai yake so shi ne yaron ya furta da bakinsa cewa ya ba shi duniya. Da yaron ya ƙi, nan take ladabin ya kau, ya daka masa tsawa ya kulle shi. Wannan ɗan lokaci da fatar akuya ta zame aka ga kura ya yi kama da abin da Cleckley ya siffanta. An dawo da shi a fim ɗin Shin Ultraman na 2022 cikin kwat da ɗan katin suna, yana ciniki da gwamnati cikin murmushi, alhali nufinsa ya mallaki 'yan Adam a matsayin makamai.

A Ultraseven na 1967, Metron ya zuba wani sinadari cikin taba sigari wanda ke sa mai sha ya far wa na kusa da shi. Dabararsa ita ce ya kashe amana tsakanin mutane, sauran aikin su ƙarasa da hannunsu. Ya bayyana wa jarumin wannan shiri suna zaune a gaban ɗan ƙaramin tebur a wani ɗakin haya, kamar masu hirar shayi. Mai ba da labari ya rufe kashin da zolaya, yana cewa kada mai kallo ya damu, domin har yanzu mutane ba su kai ga yarda da juna irin wadda za a iya amfani da ita a kansu ba. Tetsuo Kinjo ne ya rubuta kashin, Akio Jissoji ya ba da umarni. Shi kuwa Nackle, a kashi na 37 na Return of Ultraman a 1971, nazarin jarumin ya yi har ya gane inda zuciyarsa take, ya sa aka kashe budurwarsa Aki da yayanta Ken da mota, don jarumin ya shiga fagen daga hankalinsa a tashe.

Shocker

Shotaro Ishinomori ne ya ƙirƙiro Kamen Rider. Abokiyar gabar jarumin ƙungiya ce mai suna Shocker, wadda labarin ya danganta da ragowar 'yan Nazi. Tana sace mutane masu ƙarfi ko basira, ta yi musu tiyata ta mai da su rabin inji, ta wanke musu ƙwaƙwalwa. Jarumin kansa, Takeshi Hongo, ɗaya ne daga cikin waɗanda aka yi wa aikin, ya tsere kafin a taɓa ƙwaƙwalwarsa. Shugaban ƙungiyar murya ce kawai da ke fitowa daga tambarin gaggafa a jikin bango. Wanda ya gaza a kashe shi, kuma da aka sake wa ƙungiyar fasali zuwa Gel-Shocker, tsoffin sojojinta aka fara hallakawa. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta.

Wani ɓangare na wannan hali tsarin shirin ne ya haife shi. Ana nuna kashi ɗaya kowane mako, yawanci na tsawon shekara guda, kusan kashi 50, kuma kusan kowane mako sai an fito da sabon dodo an kashe shi. Dole ke nan a samu shugaban da zai tura yaransa su mutu ɗaya bayan ɗaya, mako ya zagayo ya sake turo wani ko a jikinsa. Marubutan farko sun ɗauki wannan a matsayin abin da aiki ya gada. Na baya ne suka tsaya suka tambayi wane irin mutum ne zai iya haka.

Daga shekarar 2000

Da Kamen Rider ya dawo talabijin da Kuuga a 2000, burin mallakar duniya ya ja baya. Miyagun, wata tsohuwar ƙabila mai suna Grongi, wasa suke yi da rayuka. Kowannensu yana faɗin adadin mutanen da zai kashe, da wa'adi, da ƙa'idar da zai bi, akwai mai lura da lissafi, wanda ya cika kuma a ƙara masa matsayi. Ɗaya daga cikinsu, Jaraji, yana soka wa ɗaliban wata makarantar sakandare allura a ka wadda sai bayan kwana 4 take kisa, sannan ya riƙa bayyana a gabansu don ya more tsoronsu. A wannan kashin ne jarumin, wanda aka sani da fara'a, ya kashe abokin gaba cikin fushin da ya tsorata shi kansa.

A Ryuki na 2002, wanda Yasuko Kobayashi ta jagoranci rubutawa, mutum 13 ne ke da ɗamarar jarumta suna kashe juna don wanda ya rage ya samu biyan buƙata ɗaya. Cikinsu akwai Takeshi Asakura, fursunan da ya tsere. Ba shi da wata buƙata sai faɗan, kuma dalilin da yake bayarwa kullum shi ne ransa ne a ɓace. Ya cinna wa gidansu wuta tun yana yaro, daga baya ya yaudari wata 'yar jarida da kukan ƙarya har ta kawo masa ƙaninsa da ya tsira, ya kashe shi. Idan aka bi alamomi 7 na kundin likitoci, Asakura ne ya fi kowa cika su, har da gaggawa da ganganci da ransa. A ƙarshe da gudu ya tunkari 'yan sanda suka harbe shi.

Evolt na Kamen Rider Build, 2017, kishiyar wannan ne. Halitta ce da ta hallaka duniyar Mars, ta shiga jikin wani ɗan sama jannati, ta zauna shekara 10 a cikinsa, ta fake da zama mai gidan shan kofi. Shi ya shafe wa jarumin tunaninsa, ya canja masa fuska da suna, ya tsince shi a titi kamar mai taimako, ya raine shi ya zama jarumi saboda yana buƙatar ƙarfinsa. Ranar da asiri ya tonu bai daina barkwanci ba. Irin wannan haƙuri na shekaru ya fi kama da ƙirƙirar marubuci fiye da majinyacin asibiti, domin masu lalurar a zahiri sun fi faɗawa rikici da bashi da gidan yari saboda rashin tsari, kuma mafi yawansu ba masu kisa ba ne.

Akwai kuma uban da ba ya ganin 'ya'yansa a matsayin mutane. Tenjuro Banno na Drive ya ɗauki iyalinsa kayan gwaji. Masamune Dan na Ex-Aid, shugaban kamfanin wasannin kwamfuta, yana kiran mutane da sunan hajar da suke amfani da ita, har da ɗansa, idan zai kashe mutum kuma sai ya ce an daina buga wannan haja. Zolayar tana da kaifi idan aka tuna cewa cinikin kayan wasan yara na kamfanin Bandai ne ke ɗauke da shirin.

Super Sentai

Super Sentai ya fi karkata ga ƙananan yara, miyagunsa kuma sukan zama kamar iyali masu faɗa da juna. Duk da haka ya fitar da Basco a Gokaiger na 2011, ɗan fashin sararin sama da ya sayar da abokan tafiyarsa, wanda aƙidarsa ita ce ba a samun abu sai an yar da wani. Biri ɗaya yake da ita mai yi masa biyayya, Sally. Ya raunata ta da gangan don jaruman su tausaya su ɗauke ta, bayan ya rataya mata bam a wuya.

Mayya Bandora ta Zyuranger, 1992, wadda Machiko Soga ta fito a matsayinta, ita ce aka sani a sauran duniya da suna Rita Repulsa, bayan da Haim Saban ya yi amfani da hotunan shirin ya haɗa Power Rangers a Amurka a 1993. A labarin Japan tana tsanar yara ne saboda ɗanta Kai ya mutu, kuma hawayen da ta zubar a kansa ne ya karya sihirinta. Muguwa ce, amma mai kukan ɗa ba ta shiga wannan sahu. Fassarar Amurka ta cire labarin ɗan baki ɗaya.

Kwatanci da labaran Hausa

Rabuwar dodo da mai makirci ba baƙuwa ba ce a adabin baka na Hausa. Macijiyar rijiyar Kusugu ta Daura, a labarin Bayajidda da yaran Daura da Dutsi da kewaye suke tashi da shi, tana hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har baƙo ya zo ya sare kanta a zamanin Sarauniya Daurama. Matsayinta ɗaya da kaiju: annoba ce da ta tsare gari, ba ta yaudarar kowa. Dodon tatsuniya ma ƙarfi da ci ne nasa, sau da yawa yarinya ko ƙaramin yaro ke yi masa wayo. Wanda ke da zaƙin baki, da ƙarya, da cin amanar aboki ba tare da nadama ba, shi ne Gizo, wanda ko matarsa Ƙoƙi ba ta tsira daga dabarunsa ba. Bambancin shi ne tatsuniya ta bar Gizo ƙarami kuma mayunwaci, yana cutar giwa da kura da zaki waɗanda suka fi shi ƙarfi, shi ya sa ake yi masa dariya, har a goya masa baya. Mefilas da Evolt suna da wayon Gizo haɗe da ƙarfin Dodo, kuma waɗanda suke cuta yara ne da marasa ƙarfi.